Girman Sensa da Lissafin Daidaito a Sana'ar Ɗaukar Hoto

Kowace kyamarar zamani, daga wadda ke bayan wayar Tecno ko Infinix har zuwa wadda ake ɗaukar fim da ita, tana da wani ɗan faranti a cikinta wanda haske ke sauka a kai bayan ya ratsa gilasan lens. Shi ake kira sensa, kuma shi ne ya gaji aikin da fim ɗin wanki ke yi a da. Girmansa ya bambanta ƙwarai daga kyamara zuwa kyamara: wani bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wani ya ninka shi sau talatin. Wannan bambanci shi ke yanke hukunci kan abubuwa uku: faɗin abin da hoto zai ci, yadda bayan mutum zai yi dishi-dishi ko ya fito sarai, da kuma yadda hoto zai kasance idan haske ya yi ƙaranci.

A garuruwan bakin iyaka irin su Mazanya da Magama da Jibiya, da Ɗan Isa a ɓangaren Nijar kan hanyar Maraɗi, hoto ya zama abin yau da kullum. Akwai hoton fasfo na takardun tafiya da na makaranta, akwai na ɗaurin aure da suna da walimar sauka, akwai kuma hoton kaya da dabbobi da 'yan kasuwa ke tura wa abokan ciniki ta WhatsApp. Mafi yawa da waya ake ɗauka, masu sana'a kuwa sukan nemi Canon ko Nikon na hannu. Kowannensu yana cin karo da lambobi irin su 50mm, f/1.8, ISO 800 da 108MP, waɗanda ba su da cikakkiyar ma'ana sai an san girman sensar da ke bayansu. Rashin wannan sani yana jawo asarar kuɗin da aka tara da gumi, alhali lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba.

Inda ma'aunin ya samo asali

Ma'aunin da ake gwada kowace sensa da shi tsohon ma'auni ne na fim. Oskar Barnack, injiniya a kamfanin Leitz na Jamus, ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya ƙera ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoto mai faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Ita ce ta fito kasuwa a 1925 da sunan Leica. Wannan girma ya mamaye duniya shekaru da dama, har masu hoto suka haddace yadda kowane lens ke gani a kansa: 28mm mai faɗi ne, 50mm matsakaici, 85mm na hoton fuska, 200mm na jawo nesa.

Sensar lantarki ta bunƙasa ne da CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙira a Bell Labs na Amurka a 1969, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson na Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai fiksel dubu goma kacal. A shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta nau'in CMOS, wanda shi ne a kusan kowace waya a yau. Sai dai ƙera babbar sensa yana da tsada, domin daga faifan silikon guda ake yanka su, kuma ɗan aibi ɗaya yana lalata sensa sukutum. Saboda haka kyamarorin dijital na farko, irin Nikon D1 ta 1999, suka zo da sensar da ba ta kai girman fim ba, amma aka ci gaba da ɗaura musu tsofaffin lens. Daga nan buƙatar lissafin daidaito ta taso. Canon EOS 5D ta 2005 ce ta fara kawo sensa mai cikakken girman fim kusa da aljihun masu sana'a, sannan Sony A7 ta 2013 ta kawo ta cikin ƙaramin jiki marar madubi.

Girman da ake samu a kasuwa

Cikakken firem shi ne milimita 36 da 24, wato murabba'in milimita 864. Shi ne a Canon 5D da 6D, da Nikon D750, da Sony A7.

APS-C ita ce ta fi yawa a hannun masu hoton biki. Ta samo sunanta daga wani nau'in fim da aka fito da shi a 1996. A Nikon da Sony da Fujifilm girmanta kimanin milimita 23.5 da 15.6 ne, a Canon kuwa 22.3 da 14.9. Ita ce a Canon 600D da 700D, da Nikon D3200 da D5300. Filinta bai kai rabin na cikakken firem ba.

Micro Four Thirds, tsarin da Olympus da Panasonic suka ƙaddamar a 2008, milimita 17.3 ce da 13, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken firem. Panasonic GH4 da GH5, da masu bidiyo suka sani, na wannan gida ne.

Sensa mai inci 1, irin ta Sony RX100 ta 2012, milimita 13.2 ce da 8.8. Mai lamba 1/2.3, wadda ke cikin ƙananan kyamarorin aljihu da wayoyi da yawa, kimanin milimita 6.2 ce da 4.6, wato murabba'in milimita 28. Waɗannan lambobi na inci an gaje su ne daga bututun gilashin kyamarorin talabijin na shekarun 1950, kuma sun fi ainihin sensar girma: mai inci 1 ba ta wuce milimita 16 daga kusurwa zuwa kusurwa ba, alhali inci milimita 25.4 ne. A sama da duka akwai sensar milimita 44 da 33 ta Fujifilm GFX da Hasselblad X1D, wadda manyan situdiyon talla ke amfani da ita.

Lambar ninki da faɗin hoto

Don a gwada sensa biyu ana auna layin da ya tashi daga kusurwa zuwa kishiyarta. A cikakken firem tsawonsa milimita 43.3 ne. Idan aka raba 43.3 da na wata sensa, abin da ya fito shi ne lambar ninki. Ta APS-C ta Nikon da Sony 1.5 ce, ta Canon 1.6, ta Micro Four Thirds 2, ta mai inci 1 kuwa 2.7, ta 1/2.3 kimanin 5.6. Ta GFX 0.79 ce, tunda ta fi ma'aunin girma.

Lens yana jefa da'irar hoto a bayansa, sensa kuma tana kama abin da ya sauka a kanta kawai. Ƙaramar sensa tsakiyar da'irar take kamawa, gefe ya tafi a banza. Lens ɗin 50mm yana nan a 50mm ɗinsa ko a wace kyamara aka ɗaura shi, domin wannan lamba siffar gilashinsa ce. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da ya shiga hoto. A kan Canon 700D yana ganin abin da 80mm ke gani a cikakken firem, a kan Nikon D5300 kuwa abin da 75mm ke gani. Lens ɗin 18-55mm da ake sayar da kyamara da shi yana aikin 29-88mm a Canon, 27-83mm a Nikon.

Ana gane nauyin wannan a cikin ɗaki. Faɗin abin da hoto ke ci shi ne nisa sau faɗin sensa, a raba da tsawon lens. Mai hoto da ya jingina da bango a falon amarya, tsakaninsa da ƙawayenta mita 4, yana riƙe da 50mm: idan cikakken firem ne zai ci faɗin mita 2.9, wanda zai ɗauki mutum biyar ko shida kafaɗa da kafaɗa. Idan Canon mai APS-C ce, mita 1.8 kawai zai ci, wato mutum uku, na huɗu a yanke masa kafaɗa. Kafin ya sami faɗin farko sai ya ja baya zuwa mita 6.5, ɗakin kuma bai kai haka ba. Maganinsa lens ɗin da ke tsakanin 30mm da 35mm, domin 50 a raba da 1.6 ya ba da 31.

A fili kuwa lamarin yakan juya. A hawan Sallah a Katsina, inda mai hoto ke tsaye nesa da dawakai a gaban Ƙofar Soro, lens ɗin 200mm daga mita 50 yana cin faɗin mita 9 a cikakken firem, mita 5.6 a Canon mai APS-C, mita 4.3 a Micro Four Thirds. Ƙaramar sensa ta cika hoton da doki da mahayinsa ba tare da an sayi dogon lens mai nauyi ba. Mai cikakken firem yana iya yanke hotonsa a kwamfuta ya sami wannan kusanci, amma zai yi asarar fiksel: hoton 24MP da aka yanke zuwa girman APS-C ta Nikon bai kai 11MP ba. Wanda kuma ke son hasumiyar Gobarau ta shiga hoto daga tushe zuwa ƙololuwa, yana tsaye kusa da ita, shi ne ke jin ƙuncin ƙaramar sensa, domin 16mm na cikakken firem sai da 10mm ake samunsa a APS-C.

Akwai abu ɗaya da girman sensa da tsawon lens ba su taɓawa, wato yadda kusa da nesa ke bayyana a hoto. Wannan ya dogara ne ga inda mai hoto ya tsaya. Hoton fasfo da aka ɗauka da waya daga nisan kamu biyu yakan kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa, saboda hanci ya fi kusa da kyamara sosai. Idan aka ja baya zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu, fuska tana fitowa yadda take, ko da wace kyamara ce.

Ƙofar haske da dishin baya

A cikin lens akwai ƙofa mai buɗewa da tsukewa, girmanta kuma shi ake nunawa da lambar f. Jerin da aka saba shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kuma kowane mataki zuwa gaba yana rage haske da rabi. Lambar f rabo ce: tsawon lens a raba da faɗin ƙofar. Saboda haka 50mm a f/2 ƙofarsa milimita 25 ce, 25mm a f/2 kuwa milimita 12.5. Lamba ɗaya ce, amma ramin da haske ke bi ba ɗaya ba ne.

Idan an tsaya wuri guda ana cin faɗi guda, ainihin faɗin wannan ƙofa shi ke nuna zurfin wurin da zai fito sarai, da yadda baya zai narke. Babbar ƙofa tana ware ango daga taron da ke bayansa, ƙarama kuma tana fito da kowa da komai. Don a san daidaito, ana ninka lambar f da lambar ninki, kamar yadda aka yi wa tsawon lens. Lens ɗin 25mm f/1.4 a Micro Four Thirds yana ba da hoton 50mm f/2.8 na cikakken firem, kuma idan aka duba za a ga ƙofar duka biyun kimanin milimita 18 ce.

Wannan lissafi yana amsa koken da sababbin masu hoto suka fi yi, cewa sun sayi babbar kyamara amma bayan hotonsu bai narke kamar na manyan situdiyo ba. Lens ɗin 18-55mm idan aka zuƙo shi ƙarshe yana kan f/5.6, ƙofarsa ba ta kai milimita 10 ba, kuma a Canon mai APS-C daidai yake da 88mm f/9. A kan wannan kyamara ɗin dai, 50mm f/1.8 yana da ƙofar milimita 28, daidai da 80mm f/2.9. Sauya lens kaɗai ya kusan ninka ƙofar sau uku, da kuɗin da bai kai na sabuwar kyamara ba ko kusa. Wanda ya kai ga 85mm f/1.8 a cikakken firem yana da ƙofar milimita 47.

Narkewar baya ba kullum ake sonta ba. A hoton dangi mai sahu uku, ko hoton buhunan hatsi da aka jera don mai saye ya gani, ana son na gaba da na baya su fito tas. Mai cikakken firem sai ya tsuke zuwa f/8, mai APS-C ya sami haka a f/5.6 ko kusa, mai Micro Four Thirds a f/4. Tsukewa ma tana da iyaka: idan ƙofa ta yi ƙanƙanta ainun, haske yana bazuwa a bakinta, kaifin hoto ya ragu. A cikakken firem ana fara lura da haka wajen f/11 zuwa f/16, a Micro Four Thirds kuwa tun daga f/5.6 zuwa f/8, wato iyakar ma tana bin lambar ninki.

ISO da jimillar haske

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin masu hoto. Wasu na cewa f/2.8 f/2.8 ne a kowace kyamara, wasu na cewa a ƙaramar sensa ya koma f/5.6. Kowane ɓangare yana da gaskiya, sai dai abu biyu daban suke magana a kai.

Idan aka saita kyamara biyu a f/2.8, saurin shota 1/125, ISO 400 (ISO ita ce lambar ƙara wa hoto haske), hotunansu za su fito da haske iri ɗaya ko da girman sensarsu ya bambanta. Lambar f tana nuna yawan hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in milimita, kuma wannan bai canza ba. Don haka wajen auna haske ko saita filashi ba a ninka komai. Jimillar hasken da sensa ta tara kuwa ta dogara ga filinta. Idan aka ajiye kwano da daro a tsakar gida ana ruwan sama, zurfin ruwan da za su tara ɗaya ne, amma wanda ke cikin daro ya ninka na kwano sau da yawa.

Tsabtar hoto tana bin jimillar ne. Haske ƙwayoyi ne da ke isowa ba bisa tsari ba, kuma idan waɗanda aka tara kaɗan ne, rashin tsarin yana fitowa fili a matsayin yashi-yashin da ake gani a hoton dare, musamman a inuwa da kan baƙin tufafi. Idan aka ninka haske sau huɗu, tsabtar tana ninkuwa sau biyu. Tunda fili ake magana, daidaiton ISO yana zuwa ne da ninka lambar ninki da kanta: 2.25 ga APS-C ta Nikon, 2.56 ga ta Canon, 4 ga Micro Four Thirds, kimanin 7.3 ga mai inci 1. ISO 800 a Micro Four Thirds yana da yashi kwatankwacin ISO 3200 a cikakken firem, muddin sensar biyu zamaninsu ɗaya. A ma'aunin matakai, cikakken firem ya fi APS-C da mataki ɗaya da ɗoriya, ya fi Micro Four Thirds da biyu, ya fi mai inci 1 da kusan uku.

Wannan fifiko yana da sharaɗi. Ana cin ribarsa ne kawai idan an yarda baya ya narke. Mai cikakken firem da ya tsuke zuwa f/8 don sahu uku su fito dole ya ɗaga ISO sau huɗu bisa na mai Micro Four Thirds da ke f/4, sai yashin ya zo daidai. Da rana tsaka kuwa, irin ranar bazara a Jibiya, haske ya wadata: f/16 da 1/100 a ISO 100 sun isa, kuma ido da wuya ya bambanta hoton babbar sensa da na ƙarama. Bambancin yana bayyana ne bayan magariba, a wurin kamu ko majalisi da ke ƙarƙashin ƙwai biyu na janareta ko fitilar sola.

Hoto ɗaya a kyamarori dabam-dabam

Idan aka haɗa ƙa'idojin, hotuna biyu suna zama daidai ne idan an tsaya wuri ɗaya, saurin shota ɗaya, an raba tsawon lens da lambar f da lambar ninki, an kuma raba ISO da ninkinta sau kanta. Misali, hoton da cikakken firem ta ɗauka da 50mm, f/4, ISO 1600, 1/125, APS-C za ta kawo shi da 35mm, f/2.8, ISO 800 ko kusa da haka. Micro Four Thirds za ta kawo shi da 25mm, f/2, ISO 400. Mai inci 1 tana buƙatar kimanin 18mm, f/1.5, ISO 200. Waya mai lambar ninki 6 sai ta sami f/0.7, wanda babu wayar da ke da shi. Wannan shi ne ainihin abin da babbar sensa ke sayarwa: tana iya kwaikwayon ƙarama ta hanyar tsuke ƙofa, ƙarama kuwa tana da iyakar da ba ta ƙetarewa.

Saurin shota ba ya shiga ninki, domin dokin da ke sukuwa yana buƙatar 1/1000 ko fiye a kowace kyamara. Wajen rawar hannu ne kaɗai ake duba tsawon daidaito: tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ya gaza ɗaya bisa tsawon lens, don haka 200mm a Canon mai APS-C yana son 1/320, sai dai idan lens ɗin ko jikin kyamarar yana da abin hana rawa.

Waya da yawan megafiksel

Kyamarar waya ta yau da kullum tana da lens mai tsawon milimita 4 zuwa 7, amma kamfanoni sukan rubuta 24mm ko 26mm, wato sun riga sun ninka. Lambar f kuwa sukan bar ta ba ninki. Waya mai lens 4.3mm f/1.8 da lambar ninki 6 ƙofarta milimita 2.4 ce, daidai da 26mm f/11, kuma ISO 100 nata ya yi kusa da ISO 3600 na cikakken firem. Shi ya sa komai ke fitowa sarai a hoton waya, shi ya sa kuma narkewar baya da ake gani a yanayin hoton fuska aikin manhaja ne. Ana gane ta a gefen ɗankwali ko bakin hula, inda wani lokaci take cinye zare ko ta bar wani yanki bai narke ba.

Yawan megafiksel yana nuna yadda aka yanka filin sensa ne, bai ƙara mata fili ba. A cikakken firem mai 24MP faɗin fiksel ɗaya kimanin maikiron 6 ne, a yawancin wayoyi masu 48MP zuwa 108MP kuwa kimanin 0.7 ko 0.8. Saboda haka waɗannan wayoyi ke haɗa fiksel huɗu ko tara su zama ɗaya, su fitar da hoton 12MP. Hoton fasfo ko kati mai inci 5 da 7 ba ya buƙatar fiye da 'yan megafiksel kaɗan. Mai sayen waya don hoto ya fi dacewa ya nemi girman sensa: 1/1.3 ta fi 1/2 girma, 1/2 ta fi 1/2.8. Wasu manyan wayoyi, irin Xiaomi 12S Ultra ta 2022, sun kai ga inci 1.

Abin da ya ɗaga darajar hoton waya shi ne lissafi. A yanayin dare tana ɗaukar hotuna da yawa a jere ta haɗa su, ta haka take tara hasken da ba ta iya tarawa a ɗauka ɗaya. Dabarar tana aiki ga abin da ke tsaye, tana gazawa ga yaro mai gudu ko masu rawa. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka wajen daidaita manhajarsa don baƙar fata ta fito da kyau, kuma wannan ma fanni ne da girman sensa bai shafa ba.

Inda lissafin ya tsaya

Lissafin daidaito bai san shekarun sensa ba. APS-C ta wannan zamani tana iya fin cikakken firem ta 2005 tsabta a cikin duhu. Bai kuma san ingancin gilashi, ko saurin kama fuska, ko ƙarfin batir ba. Siffar sensa ma ta bambanta: cikakken firem da APS-C 3:2 ne, Micro Four Thirds da yawancin wayoyi 4:3, don haka daidaiton kusan ne.

A bidiyo akwai ƙarin yanka. Siffar 16:9 tana zubar da sama da ƙasa, wasu kyamarori kuma suna ƙara yankewa a 4K. Canon 5D Mark IV tana yankewa da 1.74. Tun bayan Canon 5D Mark II ta 2008 ne masu fim a duniya suka rungumi kyamarar hoto don bidiyo, kuma wannan yayi ya iso Kannywood ma. Duk da haka ma'aunin Super 35, wanda aka yi ɗimbin finafinan silima da shi, kusan girman APS-C ne.

Wajen sayen lens na hannu dole a duba gidansa. EF-S na Canon da DX na Nikon an yi su ne don APS-C. EF-S ba ya hawa jikin 5D ko 6D, DX kuwa yana hawa cikakken firem amma yakan bar baƙi a kusurwoyi ko ya sa kyamara ta yanke hoton. A Sony, FE na cikakken firem ne, E kaɗai na APS-C.

Ƙurar hunturu abokiyar gabar kowace sensa ce. Tana shiga yayin sauya lens, ta fito a matsayin ɗigo-ɗigo a sararin sama idan an tsuke zuwa f/11 ko f/16. Ana gwadawa da ɗaukar farin bango a f/16, kuma ya kamata duk mai sayen kyamarar hannu ya yi wannan gwaji kafin ya biya. Ana sauya lens a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ana kuma hure ƙurar da famfon roba, ba da baki ko gefen riga ba.

Zaɓi bisa ga aiki

Mai situdiyon fasfo da kati, wanda ke da filashi da farin ƙyalle, APS-C da lens 50mm sun ishe shi, domin haskensa a hannunsa yake. Mai bin bukukuwan dare shi ne ya fi cin ribar cikakken firem, amma kafin ya kai can, lens ɗin 35mm f/1.8 a kan APS-C ɗinsa zai ba shi haske ninki shida ko fiye bisa na 18-55mm a wannan tsawo, wanda ya zarce ribar sauya jiki. Mai ɗaukar hawa da kokawa da ƙwallo da rana yana samun kusanci da sauƙin kaya daga APS-C ko Micro Four Thirds. Ɗan kasuwa mai tura hoton raguna ko atamfa waya ta wadatar da shi, in dai ya ɗauka a inuwa mai haske, ya goge gilashin, ya kuma guji zuƙowa da yatsa. A kowane hali, tambaya uku ake yi kafin a fitar da kuɗi: mene ne lambar ninkin wannan sensa, wane faɗi da wace ƙofa lens ɗin zai bayar idan an ninka, kuma a wane irin haske za a fi yin aikin.